Ranar da Mai Fensir Ya Ari Biro

Mijin yayata mutum ne da bai taɓa yanke magana ba tun da na san shi. In ka tambaye shi ko ya ci abinci, sai ya ce kusan haka ne. In ka ce masa yau ana zafi, sai ya ɗaga kai ya dubi sama, ya ce a dai bari a gani. Yayata ta sha ba ni labari cewa lokacin da za a sa ranar aurensu, da fensir ya rubuta ranar a 'yar takarda ya aiko da ita. Kawunmu ya juya takardar gaba da baya, ya ce, "Wannan surukin namu ya bar wa kansa ƙofar gudu." Bai gudu ba kuwa. Yau shekara talatin da ɗaya ke nan, da 'ya'ya biyar, kuma har yanzu in ta tambaye shi ko miya ta yi daɗi sai ya ce zai duba.

Mai Fensir ake ce masa, a gida da ofis. Akawu ne a kotu, shi ke riƙe da littafin ranaku. Shi ya samo mini aikin buga takardu a ofishinsu, don haka na yi shekara goma sha shida teburina yana kallon nasa. Ina ce masa Yaya, yana ce mini Auta, kuma tun da ƙanwar matarsa ce ni, ina da lasisin tsokanarsa, ban kuwa bar lasisin nan ya yi ƙura ba.

Ofishin ɗaki ne guda mai taga ɗaya da fanka mai kuka. Kabad uku ne a ciki, biyu ba sa rufuwa, ɗaya ba ya buɗuwa. Littafin ranaku yana kan teburinsa, ƙato, mai baƙin bango, sai da hannu biyu ake ɗaga shi. Duk wanda ake tuhuma da laifi yana da layi ɗaya a ciki: lambar fayil, laifin, sai wani ɗan gurbi a ƙarshe inda ake rubuta ranar da za a kawo shi gaban alƙali. Wannan ɗan gurbin bai kai faɗin yatsa biyu ba, amma rayuwar mutum ce a cikinsa.

Wanda bai san kotu ba zai ɗauka alƙali ne ke sa rana. Ni ma haka na ɗauka da na fara aiki. A wurinmu mai gabatar da ƙara ne ke faɗin ranar, wai don shi ya san lokacin da shaidunsa za su samu. Alƙali sai dai ya shigo da safe ya tarar da abin da aka jera masa. Akwai kuma wata tsohuwar ƙa'ida a shafin farko na littafin, wadda kowa ya sani amma ba mai ambata: duk ranar da aka rubuta da tawada ta zauna ke nan, ba a canza ta sai an kai wa alƙali dalili a rubuce ya sa hannu. Ranar da aka rubuta da fensir kuwa, wannan tsakanin akawu ne da kilinarsa, wato ɗan abin goge rubutun nan. Saboda haka tun zamanin akawun da ya koya wa akawun da ya koya wa Yaya aiki, ba a taɓa kusantar littafin nan da biro ba.

Mai gabatar da ƙara na lokacinmu, Ba-Yau-Ba muke ce masa a bayan idonsa. Dogo ne, mai tsabta, mai ƙamshin turare, kuma ba zan yi masa ƙarya ba, ya san aikinsa kuma fayil ya yi masa yawa. Kullum ƙarfe takwas da rabi zai shigo, ya tsaya a kan Yaya, ya riƙa bin layi da yatsa.

"Malam akawu, wannan ba yau ba. Kai shi wata mai zuwa."

"To, yallaɓai."

"Wannan kuma kai shi Laraba, gaban babban alƙali. Kada ka kai shi gaban matar nan, tana karanta fayil."

"To, yallaɓai."

Sai ka ji kilina na aiki, sai Yaya ya hure ɓurɓushin, ya karkaɗe shi daga rigarsa. Da yamma in masinja ya share ƙarƙashin teburin, abin da yake tarawa ya isa cika kofin shayi. Na taɓa ce wa Yaya, "Ka san watannin mutane ne masinja ke kwashewa a bola?" Ya ce, "Auta, buga takardarki." Fanka ta ci gaba da kuka, ni ma na ci gaba da bugu.

Dabarar Ba-Yau-Ba ba ɓoyayya ba ce. Ƙarar da yake da shaidu gam, gobe-gobe zai sa ta. Wadda ba shi da komai a hannu kuwa, sai ya yi ta tura ta gaba, har wanda ke tsare ya gaji ya ce ya amsa laifi, a yanke masa abin da ya riga ya zauna, ya tafi gida. Kowa ya huta, fayil ya rufu. Yana ce wa wannan rage cunkoso.

A nan ne mai faci ya shigo labarin. Wani mai gyaran taya ne a bakin titi, aka ce ya sace batirin motar da aka bar masa. Mai motar ya kai ƙara cikin fushi, daga baya ya sayar da motar ya bar garin, ba wanda ya san inda ya nufa. Batirin da aka kama a rumfarsa yana ɗakin ajiye kayan shaida, ya mutu murus, har ya fara tsatsa. Beli kuma an ba shi, amma da sharaɗin mai tsaya masa ya kawo takardar gida, shi kuwa duk danginsa haya suke yi. Ko da ya aikata, hukuncin ba zai wuce wata shida ba. A lokacin da abin nan ya faru ya yi wata goma sha huɗu yana jira a tsare. Sau uku ana aika masa cewa ya amsa laifi ya fita a ranar. Amsarsa ɗaya ce: batirin nasa ne, da shi yake kunna fitila, kuma ba zai koma bakin titi a ce ɓarawo ya dawo ba.

Shi ba ma ganinsa, don ba a ɗauko mutum daga gidan yari sai ranarsa ta tabbata. Mahaifiyarsa muke gani. Tsohuwa ce gajera, mai saurin tafiya, kullum da wata farar riga a goge, a ninke cikin leda. Ta ce ba za a tsayar da ɗanta gaban alƙali da kayan da aka kama shi da su ba, duk baƙin mai. Duk ranar da aka ba ta, tun kafin a buɗe ƙofa tana kan benci. Inna Mai Riga muka sa mata.

"Ɗan nan, yau ne ko?"

Sai Yaya ya sosa ƙeya da gindin fensir. "Inna, an ɗan matsa da ita gaba kaɗan."

"Kaɗan ɗin nawa ne?"

"Mako biyar."

"To. Allah ya kai mu. Rubuta mini."

Sai ya rubuta mata a 'yar takarda, da fensir. Ta koma gida ta warware rigar, ta sake wanke ta, ta sake goge ta, rigar da ba wanda ya sa. Da tafiya ta yi tafiya sai da ta fi wasu lauyoyi sanin kotun. Ita ke nuna wa baƙi ɗakin da za su shiga, ita ke gaya musu wane alƙali ne ba ya son a yi tari. Wani sabon lauya ya taɓa tambayarta inda ake ajiye takardar neman beli, ta kai shi har ƙofa, ta kuma gyara masa kwala.

Ni abin yana ci mini rai, ba na ɓoyewa. Ran nan da ta fita na ce, "Yaya, kai ba ka jin kunya? Tsohuwar nan ta haife ka."

"Ni na sa ranar?"

"Kai ka goge ta."

"Hannuna ne ya goge, Auta. Saura wata bakwai in yi ritaya. Ki bar ni in fita da mutuncina."

Na ce masa mutuncin da ake gogewa da kilina ba shi da wuyar ɗauka. Sai ya hau fiƙe fensirinsa.

Ana cikin haka sai aka ce za a gyara doka. Wai za a karɓe sa rana daga hannun mai gabatar da ƙara a mayar wa kotu, a riƙa bin layi, wanda ya riga shiga shi zai riga fita, kuma duk ɗagewa sai da dalili a gaban alƙali. Aka turo kwamiti na mutum huɗu su ji ra'ayin ma'aikata. An yi fenti saboda su, an gyara fanka ta daina kuka na kwana biyu. Ba-Yau-Ba ya yi musu jawabi na minti arba'in, ya ce in aka karɓe masa ranaku shaidu za su watse, masu laifi su cika titi, sama ta faɗo. Daga nan shugabar kwamitin, wata dattijuwa mai tabarau a kan hanci, ta juyo kan Yaya.

"Malam, kai ke riƙe da littafin. A ganinka, wa ya kamata ya riƙa sa rana?"

Na dafe ƙirji. Na ce yau dai Allah ya kawo ranar da mutumin nan zai yi magana.

Yaya ya miƙe, ya gyara hula, ya dubi Ba-Yau-Ba, ya dubi shugabar, ya ce, "Ranki ya daɗe, duka biyun suna da kyau."

"Duka biyun me?"

"Yadda ake yi, da yadda za a yi."

Ta cire tabarau ta dube shi da kyau, ta mayar. Magatakardan kwamitin ya tambaya ko ya rubuta cewa yana goyon baya. Yaya ya ce a dai rubuta cewa an tattauna. Wallahi ji na yi kamar in jefe shi da injin buga takarduna. Kwana uku ban gaishe shi ba, har yayata ta kira ni ta ce me ya haɗa ni da mijinta. Na ce ba abin da ya haɗa mu, ai shi ba a haɗuwa da shi, santsi gare shi.

Kwamiti ya tafi, fanka ta koma kukanta. Bayan mako biyu ranar mai faci ta sake zagayowa, karo na goma sha uku. Ba-Yau-Ba ya ɗora yatsa ya ce ba yau ba. Yaya ya sa kilina. Sai muka ji ɗan ƙara, kyat. Takardar ta gaji. Gurbin da aka goge sau goma sha biyu ya huje, har kana hango layin wani mutum a shafi na gaba.

"Liƙe shi ka rubuta ashirin ga watan gobe," in ji Ba-Yau-Ba, ya fice. Ran Juma'a aka yi wannan.

Ran Litinin Yaya ya zo da wani farin salatif mai sheƙi a aljihu. Ya yanka daidai gurbin, ya liƙa, ya danne da farce. Ya ɗauki fensir ya rubuta, fensir ya zame bai bar komai ba. Ya lasa bakin fensirin ya sake gwadawa. Ya fiƙe shi ya sake. Inna Mai Riga tana tsaye a bakin ƙofa, ta zo karɓar sabuwar rana.

"Ɗan nan, abin rubutun ne ya ƙi? Ga nawa."

Ta kwance bakin zanenta ta ciro wani tsohon biro mai shuɗin murfi, wanda take ba baƙi aro su cika takardu. Yaya ya dubi biron kamar an miƙo masa maciji. Ya dube ni. Ni kuwa na kafe idona a kan injina, ina buga harafi ɗaya sau ashirin. Ya karɓa. Ya rubuta ashirin ga wata, da tawada, rangaɗau. Ya mayar mata da biro ya ce na gode, Inna, sannan ya zauna ya riƙa share gumi da hularsa.

Ran sha tara ga wata Ba-Yau-Ba ya zo bin layi. Yatsansa ya iso gurbin ya tsaya cak.

"Malam akawu, mene ne wannan?"

"Rana ce, yallaɓai. Wadda ka faɗa."

"Na ga rana ce! Da me ka rubuta ta?"

"Fensir ne ya ƙi kamawa, yallaɓai."

"Goge ta."

Yaya ya ɗauki kilina ya yi ta gurzawa da iyakar ƙarfinsa, har teburin na motsi. Tawada ta ƙara sheƙi. Ba-Yau-Ba ya ce a ɓare salatif ɗin. Yaya ya ce to, amma in aka ɓare zai taho da rabin shafin, da layin mutum tara, uku daga ciki manyan ƙararrakin yallaɓai ne. Ba-Yau-Ba ya ce a liƙa wani a kai. A nan ne na kasa haƙuri, na sa baki ba a tambaye ni ba.

"Yallaɓai, ai na riga na buga jerin gobe na kai ofishin mai shari'a tun jiya. Yaya ne ya ce ranar tawada ba ta jira. Sai dai ka rubuta wa mai shari'a dalili, ni kuma in buga maka yanzu-yanzu. Me zan rubuta?"

Ya tsaya yana kallona. Ba zai iya rubuta cewa shaida ya ɓata tun bara ba, ba zai kuma iya rubuta cewa yana jira mutum ya gaji ba. Bakin alƙalami ya riga ya bushe. Kuma da yake babban alƙali ya tafi hutu a makon, jerin a gaban matar nan mai karanta fayil ya faɗa.

Washegari aka kawo mai faci. Na bar injina na laɓe a ƙofar baya ta ɗakin shari'a, na tarar Yaya ya riga ni, wai ya zo duba ko agogon bango yana tafiya daidai. Gandiroba ya yarda aka ba shi rigar ya sa. A nan dariyata ta tsaya. Rigar da aka ɗinka daidai jikinsa ta zama kamar ta aro, kafaɗun sun sauko har damtse, kwalar kuma ta fara cinyewa saboda guga, alhali yau ya fara sa ta. Tsohuwar ta miƙa hannu daga benci tana so ta gyara masa maɓalli, hannun bai kai ba.

Mai shari'a ta buɗe fayil ta karanta. Ba shi da kauri.

"Ina mai ƙara?"

"Ya mai shari'a, muna ƙoƙarin gano shi."

"Tun yaushe?"

Ba-Yau-Ba ya hau juya takardunsa.

"Ina shaida?"

Aka shigo da batirin, mutum biyu suna riƙe da shi, tsatsa na zuba a ƙasa. Ta leƙo ta dube shi, ta tambaya ko shi ne zai yi magana. Wani ya yi dariya a baya, aka tsawatar. Ta sake duban fayil, ta ƙirga watanni da yatsa, ta ajiye alƙalami, ta kori ƙarar. Na duba agogon da Yaya ya zo dubawa. Minti goma sha ɗaya aka yi.

A waje tsohuwar ba ta yi kuka ba, ni ce na yi. Ta kama hannun rigar tana naɗe masa, tana cewa, "Za ka cika ta, bari mu je gida." Da za su wuce ta tsaya a gaban Yaya, ta ciro biron ta tura masa a aljihu. Ya ce a'a, Inna, ba ya amfani da shi. Ta ce ita ma ta gama da shi.

Ba a ƙyale Yaya ba, ba shakka. An ba shi takardar neman bahasi, ni na buga ta, ni kuma na buga amsarsa, wadda ta cika shafi biyu ba ta ce komai ba. Aka ɗauke shi daga kan littafi aka mayar da shi ɗakin kayan shaida, ya ƙarasa watanninsa tsakanin tsofaffin adduna da batirin nan da ba wanda ya zo karɓa. Sabon akawu ya zo da sabon fensir. Gyaran dokar kuwa an kai shi majalisa, an karanta sau ɗaya, aka ɗage. Har yau ana ɗagewa, ban san wa ke riƙe musu da kilina ba.

Ni dai na bar abin a kan tsautsayi ne da ya zo da alheri, har ranar da na je taya yayata kwashe kaya za su sauya gida. Muka ciro tsohuwar kalanda daga bayan ƙofa, sai na ga bayanta duk an liƙe shi da ƙananan abubuwa: filastar ciwo, takardar gam, salatif mai ruwan ƙasa, salatif na lantarki, kala bakwai. Kowanne an yi rubutun fensir a kai ya fito sarai, sai guda ɗaya, fari mai sheƙi, wanda ba komai a kansa sai sawun zamewa. An zagaye shi.

"Wannan fa?" na ce.

"Oho masa," in ji yayata. "Wata Asabar ce ya wuni yana wannan shirme, har da aika a sayo masa wasu. Na ce me kake nema, ya ce zai duba."

Na ɗauki kalandar na same shi a tsakar gida, yana zaune a kan akwati yana kallon masu ɗaukar kaya. Na ajiye ta a cinyarsa. Ya dube ta ya daɗe.

"Yaya, ashe da gangan ka yi."

"Kusan haka ne."

"To me ya hana ka faɗa? Shekara biyu ina ce maka matsoraci a gaban 'ya'yanka!"

Na zaci zai yi dariya. Bai yi ba. Ya naɗe kalandar a hankali, ya ce, "Auta, layi nawa ne a littafin nan lokacin da na bar shi?"

Na ce ɗari uku da wani abu.

"To. Guda ɗaya ne ya huje. Sauran duk ni na goge su, kuma takardar ta jure."

Ya zaro fensir daga bayan kunne ya duba bakinsa, ya mayar. Daga ciki yayata ta ƙwala masa kira, tana tambaya ko a sa kabad a mota yanzu ko sai an dawo. Ya ce a dai bari a gani.